Wace bishiya ce ta dace da mai fara renon bonsai?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Kano, kuma ina da sha'awar shuke-shuke. Ina da alayyahu da tattasai da na'ana'a a bokitai a tsakar gida, kuma suna yi mini kyau. Bara wata 'yar uwata ta kawo mini tsarabar ƙaramar bishiyar bonsai mai ganye kamar allura, aka ce mini sunanta junifa. Na ajiye ta a falo ina ba ta ruwa kullum, amma kafin wata biyu ta bushe. Ina so in sake gwadawa. Wace irin bishiya ce ta dace da wadda ba ta taɓa yi ba, kuma dole ne sai an kawo irin daga ƙasar waje?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki kashi biyu ce, wato wace bishiya za ki zaɓa da kuma inda za ki same ta, kuma da yake kashi na biyu ya fi saurin amsuwa, da shi zan fara. Ba dole ba ne a kawo komai daga waje, domin bonsai ba wani jinsin itace ba ne da aka halitta gajere. Hanya ce ta reno, inda ake tsare bishiya a cikin ƙaramin kasko, ana rage mata saiwa, ana datse mata rassa, har ta ɗauki kamannin tsohuwar bishiya alhali sau da yawa tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Idan aka cire ta daga kaskon aka dasa a fili, za ta koma girma irin na 'yan uwanta. Saboda haka ƙunshin da ake tallatawa a intanet da sunan irin bonsai ba komai ba ne illa irin bishiya na yau da kullum, kuma sau da yawa na bishiyoyin da ba za su rayu a Kano ba. Kada ki kashe kuɗinki a kansa.

Inda abin ya samo asali, da dalilin da ya sa hotuna ke ɓatar da mutane

Sinawa ne suka fara wannan sana'a. A kabarin wani yarima na daular Tang mai suna Zhanghuai, wanda aka gina a shekara ta 706, an sami zanen bango na wasu bayi ɗauke da ƙananan itatuwa a cikin faranti. Daga can abin ya ƙetara zuwa Japan, kuma Japanawa suka tace shi suka kafa masa ƙa'idojin da duniya ta sani a yau. Akwai wata bishiyar fayin, wato itace mai dogon ganye kamar allura, a gidan adana itatuwa na ƙasa da ke Washintan wadda ake reno tun 1625. Tana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ta tsira, sannan aka ba Amurka ita kyauta a 1976.

Na kawo wannan tarihi ne don ki ga daga inda hotunan da kike gani suke fitowa. Japan ƙasa ce mai sanyi da dusar ƙanƙara, kuma itatuwan da Japanawa suka saba da su, irin su fayin da junifa da mafil, mai ganye mai yatsu da ke zubewa da sanyi, itatuwan dazuzzukansu ne. Sun ɗauki abin da ke ƙofar gidansu ne suka rena. Da sana'ar ta isa ƙasashe masu zafi, masu hankali daga cikin mutanen wurin suka yi daidai da haka: a Indonesiya da Taiwan da Indiya ana renon dangin cediya da tsamiya, a Afirka ta Kudu kuwa sun ƙware a kuka da dangin bagaruwa, har suka fito da salon bishiya mai shimfiɗaɗɗen kai wanda suka sa wa sunan mai zanensu Pierneef. Abin da ya kamata mu kwaikwaya ke nan, wato yadda suka zaɓa, maimakon abin da suka zaɓa.

Abin da ya kashe ta farko

Ban ga bishiyar ba, don haka abin da zan faɗa kirdado ne bisa abin da kika bayyana, amma labarinki ya yi daidai da wanda na fi ji daga masu farawa. Junifa bishiyar fili ce mai son rana tsagwaronta da iska mai kaɗawa. Hasken falo, ko da a ido ya yi kamar ya wadatar, ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na tsakar gida, kuma bishiyar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa yadda ya kamata. Ke kuma kina zuba mata kullum, sai ƙasar ta zauna a jiƙe, iska ta daina shiga wurin saiwa, saiwar ta ruɓe. Daga nan ganye ya fara bushewa, mai bishiya ta ɗauka ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Wani abu game da junifa shi ne takan ci gaba da zama kore na makonni bayan ta riga ta mutu, saboda haka mai yiwuwa ne ta sami matsala tun a hannun mai sayarwa. Yawancin irin waɗannan na tsaraba ana cusa su ne a ƙasa mai danƙo, wani lokaci ma a manne musu tsakuwa a sama da gam don kada ta zube a hanya.

Akwai kuma dalili mafi zurfi. Itatuwan ƙasashen sanyi suna bukatar hutu na shekara-shekara, inda sukan yi ɗaruruwan sa'o'i a sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su sake toho da ƙarfi. Hunturunmu yana da sanyin dare, amma bai kai haka ba kuma ba ya daɗewa, sannan bazara ta biyo baya da zafin da yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Mafil ba za ta jure wannan ba ko a hannun gwani. Junifa ta fi ta haƙuri da zafi, sai dai ba ita ce zan miƙa wa mai koyo a Kano ba.

Yadda nake auna bishiya, da yadda nake auna mai ita

Idan wani ya tambaye ni abin da zai fara da shi, abin da nake fara dubawa a jikin bishiya shi ne yadda take farfaɗowa bayan an yi mata ba daidai ba, domin mai koyo sai ya yanke reshen da bai kamata ba, sai ya manta ban ruwa, sai ya taɓa saiwa a lokacin da bai dace ba. Bishiyar da ke fitar da sabon toho daga tsohon kututture bayan an datse ta tana ba mutum dama ta biyu da ta uku. Fayin ba ta yin haka: idan aka yanke reshe aka bar shi ba ganye, reshen ya mutu ke nan. Bayan wannan sai girman ganye da tazarar da ke tsakanin ganye da ganye, saboda manyan ganyaye a kan bishiya mai tsawon taƙi biyu suna tona asirin ƙanƙantarta. Sai kuma saiwa, ko tana yarda a rage ta. A ƙarshe ina son bishiyar da ake samu da arha ko kyauta, domin wanda ya sayi abu da tsada yakan ji tsoron taɓa shi da almakashi, kuma ba a koyon wannan aiki sai da yanka.

Mai bishiyar ma ana auna shi, kuma a nan ne ƙwarewarki ta shigo. Wadda ta rayar da alayyahu da na'ana'a a bokiti ta riga ta mallaki abu mafi wuya, wato ɗabi'ar leƙa shuka kowace safiya da gane alamar ƙishirwa ko ƙwari tun da wuri. Wannan ya ɗaga ki sama da wanda bai taɓa shuka komai ba. Sai dai akwai ɗabi'ar lambu guda da za ki kwance: kayan miya suna son ƙasa mai taki da yawa da danshi kullum, kuma rayuwarsu watanni ce, bishiya kuwa tana son ƙasarta ta ɗan sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa, kuma lissafinta na shekaru ne. Yawancin masu lambu da na gani suna kashe bishiyarsu ta farko da yawan ruwa, ma'aikatan da ke yawan tafiya kuwa da ƙarancinsa. Shi ya sa amsar da zan ba ki ta bambanta da wadda zan ba ɗan kasuwa mai kwana uku a Legas kowane mako.

Cediya

Idan bishiya ɗaya zan zaɓa miki, cediya ce, wadda masana tsirrai ke kira Ficus thonningii. Ba sai na yi dogon bayani kan juriyarta ba, domin kin sha ganin yadda masu dabbobi ke sassabe ta don ciyar da awaki da tumaki, a bar ta kusan kututture, kafin wani lokaci ta sake cika da ganye. Kin kuma san yadda ake dasa ta a ƙofar gida: reshe mai kauri ake sarowa a kafa a ƙasa da damina, ya kama. Waɗannan halaye biyu, toho daga tsohon itace da kamawa daga reshe, su ne ainihin abin da mai renon bonsai ke nema. Ganyenta matsakaici ne kuma yana ƙanƙancewa idan ana yawan datse ta a rana, saiwarta tana jure yanka, tana kuma sako jijiyoyi daga rassa waɗanda ke ba ƙaramar bishiya kamannin tsufa da wuri.

Ba duk danginta ne suka dace ba. Ganyen gamji ya yi faɗi ƙwarai, na durumi ma ya ɗan yi girma sai dai ga mai son babbar bonsai, baure kuwa ana iya renonsa amma ya fi cediya jinkirin ba da ƙananan rassa. A wurin masu sayar da furanni na bakin titi za ki sami wasu 'yan uwanta biyu na Asiya da ake yin shinge da su. Mai ganye mai kauri da sheƙi, Ficus microcarpa, tana cikin waɗanda suka fi shahara a duniya a wurin masu koyo, kuma ba ta gaza cediya ba. Mai siririn ganye mai lanƙwasa ƙasa, Ficus benjamina, tana da saurin fushi, takan zubar da ganye idan aka canza mata wuri kuma ba ta cika toho daga tsohon reshe ba. Akwai kuma wadda ake shigowa da ita mai kumburarriyar saiwa kamar rogo. Mai aure ce, an haɗa mata rassa masu ƙananan ganye a sama, kuma tana rayuwa, amma siffarta ta riga ta daskare, ba ta koya wa mutum abu mai yawa.

Yadda nake yi shi ne, idan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, in nemi reshe mai kaurin babban yatsa zuwa na tsintsiyar hannu, mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, wanda yake da ɗan lanƙwasa kuma gindinsa ya fi samansa kauri. Miƙaƙƙen reshe mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama ba ya yin kyau ko bayan shekara goma. Sai in cire yawancin ganyen, in bar farin ƙaron ya tsane na yini guda a inuwa, in kafa shi a bokiti mai huji cike da yashi mai gauraye da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ki kafa uku ko huɗu a lokaci ɗaya, domin ba lallai ne duka su kama ba, kuma idan sun kama kin sami waɗanda za ki yi gwaji da su ba fargaba. Ki kiyaye idonki daga ƙaron, yana kuma sa wasu mutane ƙaiƙayi a fata. Wata hanya ita ce 'ya'yan cediya da tsuntsaye ke shukawa a tsagar katanga ko a jikin giginya. Mai gida yakan yi murna a cire masa su, kuma sukan zo da karkataccen gindi mai kyau.

Daga nan sai abin da ya fi wa masu koyo wuya, wato ƙyale ta. A shekarar farko ba a yi mata komai sai ruwa da taki. Kututture yana kauri ne idan rassa suna girma ba a tare su ba, kuma da zarar an sa bishiya a kasko mara zurfi kaurin ya kusan tsayawa. Don haka bokiti ko tsohon baho shi ne mazauninta na shekarun farko. A damina ta biyu ne ake zaɓar rassan da za su zauna, a cire waɗanda suka fito daga wuri ɗaya ko suka gicciye juna, sannan a shiga tsarin datsa: a bar sabon toho ya yi ganye shida zuwa takwas, a yanke shi ya koma biyu ko uku. Duk inda aka yanke, rassa biyu ko fiye sukan fito, kuma da haka kan bishiya ke cika.

Ga wanda ba kullum yake gida ba

Akwai wasu itatuwa da ke ajiye ruwa a jikinsu, kuma su nake ba mutumin da ya san zai riƙa mantawa. Mafi sauƙinsu wata 'yar Afirka ta Kudu ce mai suna Portulacaria afra, mai ƙananan ganyaye masu kauri kamar na fasa-ƙabba da jan reshe. A ƙasarsu giwaye ne ke cin ta. Ana samunta a wurin masu furanni, reshenta yana kamawa cikin sauƙi, kuma abin da ke kashe ta kusan guda ɗaya ne, wato ruwa ya kwanta a gindinta. Kariya ma haka take, ga kumburarren gindi ga jan fure a tsakiyar rani, sai dai rassanta ba su cika rarrabuwa ba, kuma ƙaronta dafi ne wanda maharba suka daɗe suna shafa wa kibiya, saboda haka ba na ba da ita ga gidan da ke da ƙananan yara.

Kuka ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce mutane suka fi sha'awa kuma ita ce suka fi kashewa. Irinta yana da taurin ɓawo, sai an ɗan goge shi ko an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya tsiro. Ƙaramar kuka tana fitowa da ganye ɗai-ɗai, ba mai yatsu irin na babba ba, kuma tana yin kumburarriyar saiwa a ƙasa wadda ake ragewa a hankali a duk lokacin sauya kasko, a bar wurin yankan ya bushe na kwanaki kafin a sake ba ta ruwa. Ƙa'idarta ɗaya ce kuma ba ta da sassauci: idan ta zubar da ganye da shigowar rani, an daina ban ruwa ke nan har sai ta fara toho da kanta gab da damina. Watanni za ta yi tsirara, kuma mai lambu irinki zai yi wuya ya ga shuka a busasshiyar ƙasa bai tausaya mata ba. Tausayin nan ne ke ruɓar da ita. Don haka ina ganin kuka ta zama ta biyu a wurinki, bayan hannunki ya saba da cediya.

Bugambiliya, mai furen nan ja ko shunayya da ke hawa katangun gidaje, tana tsakanin cediya da masu ajiye ruwa a jikinsu. Tana son zafi da rana, tana toho daga tsohon itace, kuma takan fi yin fure idan aka ɗan rage mata ruwa. Tsohon gindinta da aka tumɓuke lokacin gyaran shinge abu ne mai daraja. Rauninta a saiwa yake, siririya ce mai saurin tsinkewa, sai an bi ta da lallami wajen sauya kasko.

Waɗanda za su jira, da waɗanda ba na ba da shawara

Tsamiya tana yin bonsai mai kyau ƙwarai saboda ƙananan ganyayenta da ɓawonta mai tsattsagewa, amma jinkirin girma gare ta, kuma tana da doguwar saiwar tsakiya wadda dole a datse tun tana ƙarama don ta fitar da na gefe. Magarya da kurna da bagaruwa su ma suna da wannan doguwar saiwa, ga ƙaya, ko da yake ƙananan ganyensu da karkatar rassansu sun dace da aikin. Lalle da rumman sun fi su sauƙi, duka biyun suna kamawa daga reshe kuma suna jure aski, sai dai ba sa yafe ƙishirwa a ƙaramin kasko da bazara. Dashi, wanda ake kafawa a shingen gona, yana kamawa daga reshe mai kauri kuma yana son a bi da shi kamar kuka. Duk waɗannan aikin shekara ta biyu ko ta uku ne.

Gawo ba na mai koyo ba ne, domin saiwarsa mai nisan zurfi ce kuma lokacinsa a juye yake, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ke rikita lissafin ban ruwa. Mangwaro ganyensa ba ya ƙanƙancewa, zogale kuma itacensa ba shi da ƙwari kuma ba ya riƙe siffa. Daga cikin na waje, ki guji wasu ƙananan itatuwan Asiya masu suna Serissa da Carmona duk da cewa ana yawan sayar da su a matsayin na cikin ɗaki, domin ƙaramin canji yana sa su zubar da ganye, kuma busasshiyar iskar hunturu tana wahalar da su. Masu reno a Turai da Amurka sukan ce wa mai koyo ya fara da wata bishiya mai ƙananan ganye da ake kira elm na Sin, kuma shawara ce mai kyau a can, amma a nan samunta da wuya da tsada, alhali cediya tana ba da duk abin da take bayarwa.

Ƙasa, ruwa da mazauni

Zaɓen bishiya ba zai yi amfani ba idan aka sa ta a ƙasar da ta kashe ta farko. Japanawa suna amfani da wata dunƙulalliyar laka mai suna akadama, amma abin da ake nema a cikinta shi ne ruwa ya ratsa da sauri, iska ta shiga, danshi kaɗan ya rage. Ana samun haka da farfasasshen jan bulo da aka tankaɗe aka zubar da garinsa, da yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, da ɗan gawayi, da ruɓaɓɓen taki kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ga kuka da kariya a rage takin a ƙara yashi. Idan kin zuba ruwa ya tsaya a sama yana jira, ƙasar ta yi laushi da yawa. Kaskon yumɓu na maginan tukwane ya fi na roba sanyi, muddin an huda masa manyan ƙofofi a ƙasa an rufe su da ɗan yankin raga.

Ban ruwa ba shi da jadawali. Ki tura yatsa cikin ƙasar, idan saman ya bushe ki zuba har ya fito ta ƙasa, idan da danshi ki bari. Da damina za ki iya yin kwanaki ba ki zuba ba, daga Maris zuwa Mayu kuwa ƙaramin kasko yakan bukaci safe da yamma. A waɗannan watanni ki ba ta ranar safe da inuwar la'asar, kuma kada ki ajiye kasko kai tsaye a kan daɓen siminti, domin zafinsa yana dafa saiwa. Benci ko bulo biyu sun isa, suna kuma rage shigar gara. Idan kin ga farin gishiri yana taruwa a bakin kasko, daga ruwan rijiya ko na burtsatse ne, sai ki riƙa wanke ƙasar da ruwan sama idan ya samu. Taki kaɗan-kaɗan ake sawa a lokacin girma, ko busasshen kashin awaki da ya ruɓe ko 'yan ƙwayoyin takin zamani nesa da gindi. Sauya kasko da rage saiwa kuwa a farkon damina ake yi, ba da hunturu ba. Idan akwai akuya a gidan, wurin ajiya ya zama inda ba za ta kai ba ko ta miƙe tsaye.

Game da falo, babu bishiyar da ke son zama a can dindindin. Cediya da 'yar uwarta ta Asiya mai ganye mai kauri za su jure kusa da taga mai haske sosai, amma sun fi lafiya a tsakar gida, a shigo da su kwana biyu ko uku idan za a yi baƙi, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki, sannan a mayar da su.

Iyakar wannan shawara

Abin da na faɗa na gina shi ne a kan yanayin Kano da Zariya da makamantansu, inda na yi aikina. Mai karatu a Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200, ko a Mambila, yana da sanyin da zai ba shi damar gwada junifa a waje, kuma shi kuka ce za ta fi ba shi wahala saboda yawan ruwan sama. Na Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai bukaci kasko mai zurfi fiye da wanda ake gani a hotuna da inuwa mai yawa da bazara. Na Kumasi kuwa cediya za ta yi masa girma da sauri har ya gaji da datsa. Ina kuma roƙon kada sha'awa ta kai kowa ga haƙo itatuwa a daji ko a gandun gwamnati, domin akwai doka a kan haka, ga shi itatuwan namu sun yi ƙaranci, kuma yawancin waɗanda aka haƙo ba sa rayuwa saboda an tsinke musu saiwar tsakiya. Reshe da izinin mai bishiya ya wadatar.

Ba ki bukatar sayen kayan aiki na musamman a yanzu. Almakashi mai kaifi da wuƙa mai tsabta sun isa. Wayar lanƙwasa rassa za ta zo daga baya, kuma ta alminiyam ko ta jan ƙarfe da ake cirowa daga tsohuwar wayar lantarki tana aiki, sai dai a jikin cediya da damina ki riƙa duba ta kowane mako, domin reshe yana kauri da sauri har wayar ta nutse a ɓawo ta bar tabo. Idan kika kafa rassanki a wannan daminar, ki sa ran shekara uku zuwa biyar kafin ɗaya daga cikinsu ya cancanci kasko mara zurfi, kuma alamar cewa lokacin ya yi ita ce kaurin gindin ya kai yadda kike so ya zauna.